GIDAN GONA A KEWAYEN WUSASA: RUWA, MAKEWAYI DA HASKE

Gabatarwa

Duk wanda ya fita daga birnin Zazzau ya nufi yamma ranar Asabar da sassafe, musamman da damina, ba zai rasa cin karo da wasu irin matafiya ba. Ko dai ma'aikacin gwamnati, ko malamin makaranta, ko ɗan kasuwa, a mota ko bisa babur, ya ɗauro jarkar ruwa da tabarma da buhun taki ya nufi gona. Daga cikinsu akwai waɗanda ba su komowa gida sai Lahadi da yamma, domin kuwa sun kafa ɗan ɗaki ɗaya ko biyu a cikin gonar, inda sukan kwana su da iyalinsu. Irin wannan muhalli shi ake kira gidan gona. Babu famfo a cikinsa, babu kuma lantarki.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake kyautata irin wannan gida a filayen da ke kewaye da Wusasa, ta fuskar ruwa da wurin wanka da masai da haske. Abin da ya bambanta shi da gidan cikin gari ba rashin famfo da lantarki kaɗai ba ne, domin gidaje da yawa a cikin birni ma da rijiya da fitila suke rayuwa. Babban bambancin shi ne, kwana biyu ake yi a cikinsa, kwana biyar kuwa yana rufe ba kowa. A cikin waɗannan kwanaki biyar ne sauro ke hayayyafa, gara ta hau ginshiƙi, maciji ya sami wurin fakewa. Saboda haka duk gyaran da za a yi, tilas a auna shi da wannan tambaya: me zai same shi idan mai shi ya juya baya?

Asalin Al'adar

Mallakar gida a gari da wani a gona ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zazzau. Masu iya magana sun ce gida biyu maganin gobara. A ƙarni na 19 sarakuna da masu sarauta da attajirai suna da rinji, wato ƙauyen gandu inda bayi ke zaune suna noma, ubangijinsu kuwa yana birni, sai lokaci-lokaci yake leƙawa. Bauta ta shuɗe, amma ɗabi'ar mutumin birni ya riƙe gona a bayan gari ba ta shuɗe ba. Aikin gwamnati ne ya kawo mata sabon salo, da ya raba mako gida biyu, kwanakin ofis da kwanakin hutu. Sa'an nan a 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirinta na ciyar da ƙasa, wanda ya kwaɗaitar da ma'aikata su riƙi fartanya, kana a 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta biyo da nata shirin na bunƙasa noma.

Ita kanta Wusasa da irin wannan zama ta fara. Tana wajen ganuwa ne, 'yar tazara kaɗan yamma da birni, a gindin duwatsu, kusa da Dutsen Kufena wanda tarihin Zazzau ya san shi tun kafin a kafa birnin na yanzu. A 1929 ne mishan ɗin C.M.S., wanda Likita Mila ya kafa a Durumin Maigarke cikin birni, ya tashi ya koma can. Waɗanda suka fara zama da rijiya da fitilar kananzir suka buɗe makaranta da asibiti, kuma da ƙasa da azara suka gina majami'ar St. Bartholomew, bisa tsarin ginin Hausa, wadda har yanzu tana nan tsaye. A wannan 'yar alƙarya Janar Yakubu Gowon ya tashi, a nan kuma Farfesa Ishaya Audu ya yi karatunsa na farko. Yau gari ya cika ya tumbatsa ya cinye gonakin da ke kusa, sai mai neman fili ya ƙara gaba, inda turakun lantarki ba su kai ba.

Ruwa

Kuskuren da galibi akan yi shi ne a fara da ɗaki, a rufa kwano, a sayo katifa, sa'an nan a waiwayi maganar ruwa. Magabata kuwa rijiya suke fara nema, in ta ba da ruwa sa'an nan a aza tubali.

Ƙasar Zariya tana zaune ne bisa tsohon dutse, irin wanda ya ɓullo sama ya zama Kufena. Ruwan da rijiya ke samu ba wani kogi ba ne a ƙarƙashin ƙasa. Ruwan sama ne da ya tsuma ya taru a cikin ruɓaɓɓen dutse da tsaguwar fā. Wannan ne ya sa rijiyoyi biyu a gona ɗaya, wata ta yi ruwa a gaba biyar, wata a yi ta haƙa har a ci karo da fā ba a ga ko laima ba. Shi ne kuma ya sa ruwan ke hawa da damina ya sauka da rani. Wanda ya haƙa rijiya a watan Satumba ya ga ruwa ya yi murna, to, ya jira Maris. Lokacin haƙa na gaskiya shi ne ƙarshen rani, sa'ad da ruwa ya kai iyakar saukarsa. Idan an gama, sai a ɗaure bakinta da siminti, a ɗaga shi ya kai gwiwa, a yi mata murfi mai kwaɗo. A gidan da ake zaune kullum rijiya buɗaɗɗiya tana da masu lura. A gidan gona kuwa ɗan akuya ko ɓera na iya faɗawa ranar Litinin, ba a sani ba sai Asabar. Ba a ma maganar yaran makiyaya da ke ratsa gonaki.

Hanya ta biyu ita ce tarar ruwan sama, kuma ita ce aka fi rainawa alhali lissafinta na da ban mamaki. Zariya takan sami ruwan sama kimanin milimita 1,000 ko ɗan fiye a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba. Milimita ɗaya bisa murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ke nan. Rufin kwano mai tsawon mita 6 da faɗin mita 5 zai tari lita 30,000 a damina guda. Ko an cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke fantsama da zubewa, saura lita 24,000, wato cikin duro 120 mai cin lita 200. Matsalar ba samun ruwan ba ce, wurin ajiye shi ne. Iyali mai mutum shida, in kowa ya yi amfani da lita 25 a yini, za su cinye lita 300 a kowane zuwa. Tankin roba mai lita 2,000 ba zai kai su mako bakwai ba, rani kuwa wata shida ne. Don haka tanki mataimakin rijiya ne, ba magajinta ba.

Ruwan farko na shekara ba a tara shi, domin wankin rufi ne: ƙurar hunturu da kashin tsuntsu da na ƙadangare. Haka kuma a kowane ruwa ana barin na 'yan mintocin farko ya zube. Sai dai abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne murfi. A lokacin zafi sauro na iya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Wato duro ko randa ko tsohuwar taya da aka bari da ruwa a buɗe ranar Lahadi, kafin zuwa biyu ta zama gidan rainon sauro. Mutum ya je hutawa ya komo da zazzaɓi, yana zargin daji, alhali shi ya yi kiwon abin da ya cije shi.

Na sha kuwa, randa ba ta da na biyu wajen sanyi, amma sanyi ba tsafta ba ne. Alam da dakakkiyar ƙwayar zogale suna kwantar da laka ruwa ya yi garau, ba su kashe dukan ƙwayoyin cuta. Tafasawa ko sa kulorin ne ke yin wannan.

Makewayi

Kafin a shiga bayanin gini, ya kamata a ɗan tsaya a kan sunan. Bahaushe mutum ne mai kunya, ba ya kiran wannan wuri kai tsaye. Sai ya ce bayan gida, ko bayi, ko ban-ɗaki, ko makewayi, wato inda ake kewayawa. Dukan waɗannan sunaye ba aikin da ake yi suke faɗi ba, matsayin wurin suke nunawa: a baya yake, a kaikaice, inda ido ba ya kaiwa. Ramin kansa shi ne masai ko salga ko shadda. A tsarin gidan gargajiya makewayi fili ne marar rufi, an kewaye shi da katanga ko zana, masai a kusurwa guda, wurin wanka a ɗaya kusurwar da dutse ko guntun turmi na zama. Abin da masu gidajen shaƙatawa a Turai da Amurka ke kashe kuɗi su gina don marmari, wato wanka a sarari ƙarƙashin sama, shi ne wankan yau da kullum na Bahaushe tun kaka da kakanni.

Rashin rufin nan ba talauci ba ne, hikima ce. Rana na shiga ta busar da daɓe, iska ta kwashe wari, gansakuka ba ta samun wurin kamawa. A gidan da zai yi kwana biyar a rufe wannan ya fi komai amfani, domin ban-ɗakin zamani da aka rufe da laima a ciki kyankyaso da kwaɗi yake tarawa, inda kwaɗo ya taru kuwa maciji na tafe. Amma a Wusasa akwai wani abin lura da ba a damu da shi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba. Gonar da ke gindin dutse, wanda ya hau bisa yana hango cikinta tsaf. Katanga komai tsawonta ba ta tsare idon da ke sama. Maganin wannan shi ne a yi rabin rufi ta ɓangaren da ke fuskantar dutsen, ko a sa ɗakin kwana ya shiga tsakani, a bar sauran a buɗe.

Iska ma tana da nata hukunci. Ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadarin damina kuma galibi daga gabas yake tasowa. Ƙofar wurin wanka da ta kalli wannan sashe za ta koya wa mai ita hankali a watan Janairu. Ya fi kyau ta kalli kudu ko yamma, a kuma yi mata 'yar katangar tsari a gabanta yadda mai wucewa ba zai ga ciki ba ko da babu ƙyaure.

Game da katanga, zana ta fi araha amma gara da akuya da gobarar daji duk abokan gabanta ne, shekara ɗaya ko biyu sai sabuwa. Katangar ƙasa ta fi ƙarko, sai dai ruwan wanka na cin gindinta a hankali har ta zube. Maginan Zazzau, waɗanda suka gaji Babban Gwani Muhammadu Durugu mai ginin Masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarki Abdulkarimu, suna da magungunan wannan: makuba daga kwasfar ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Marina sun yi ƙaranci yanzu, laso ya yi wuyar samu. Abin da ya saura mai sauƙi shi ne a aza jeri biyu ko uku na farko da dutse da siminti, dutse kuwa ba abin nema ba ne a wannan yanki, sa'an nan a ɗora tubali a kai. Daɓen a yi shi da siminti, kada a goge shi ya yi santsi, a kuma karkata shi kaɗan zuwa ga rariya.

Daga nan sai maganar shaya, wato famfon nan mai zubo da ruwa kamar yayyafi. Ba ta bukatar inji. Duro ne ake ɗorawa bisa dandamali mai tsayin mita biyu da rabi ko uku, a huda gindinsa a sa bututu da makunni da kan shaya. Nauyin ruwan da kansa ke turo shi. In an shafa wa duron baƙin fenti, rana za ta ɗumama ruwan, kafin la'asar ya yi daidai da jiki ko da hunturu ne. Wanda ya ce sai da asuba zai yi wanka kuwa, to, ya hura wuta ya ɗora tukunya, domin ruwan ya huce cikin dare. Abu biyu ne ake mantawa. Na farko, duro cike kilo 200 ne, kuma bisa kan mutum yake. Ginshiƙin icce da gara ta rarake cikinsa tana barin bayansa lafiya lau, ba a ganewa sai ranar da ya karye. Don haka ko dai bulo, ko ƙarfe, ko azarar giginya wadda gara ba ta cika damunta ba. Na biyu, shaya ɓarauniyar ruwa ce. Bokiti ɗaya mai lita 15 da ƙoƙo ya ishi babban mutum ya yi wanka tas, shaya kuwa tana iya zubar da lita 6 a minti guda, wato yara uku in sun sami abin wasa za su ƙarar da duro kafin a ankara. Ga wanda da guga yake jawo ruwansa ya hau tsani da shi, bokiti da ƙoƙo sun fi shaya hankali, ko da ba su kai ta daɗi ba.

Ina ruwan wankan zai tafi? A cikin birni rariya na zubawa a kwata ko kwatami, ya kwanta ya yi baƙi. A gona babu dalilin haka. A haƙa rami mai zurfin mita ɗaya nesa kaɗan da katanga, a cika shi da duwatsu manya a ƙasa ƙanana a sama, a rufe da ƙasa, ruwan ya riƙa shiga ta bututu yana tsumewa. In an dasa ayaba ko gwanda a gefensa za su shanye laimar su kuma biya da 'ya'ya. Kada dai a yi ban ruwan latas ko wani ganyen da ake ci ɗanye da shi.

Masai

A nan ne sakaci ke kisa. A 2021 annobar amai da gudawa ta ratsa jihohin Nijeriya da dama, akasari a Arewa, ta kashe fiye da mutum 3,000, kuma hanyarta sananniya ce: ƙazanta ta sadu da ruwan sha. Rijiyar gona ba ta da zurfi, ƙasar kuwa tana tsumar da abin da aka zuba mata. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bayarwa ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu, kuma gindin ramin kada ya kusanci inda ruwa ke kaiwa da damina. A cikin birni ƙuncin fili kan sa a ga masan wani yana jingine da rijiyar maƙwabcinsa. Mai gona ba shi da wannan uzuri.

Akwai wani gyara mai araha da wani masani, Peter Morgan, ya fito da shi a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu, cikin shekarun 1970. Bututu ne mai faɗi ake kafawa daga cikin ramin ya zarce rufi da kamar rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga. Iskar da ke wucewa ta bisa tana zuƙo warin ta fitar, ƙudan da ke cikin rami kuma ya bi hasken da yake hangowa a bakin bututun, raga ta tsare shi har ya mutu. Sharaɗinsa shi ne ɗakin masan ya kasance da rufi da ɗan duhu. Wannan ya zama dalili na raba shi da wurin wanka, wanda rana yake so. Dalili na biyu shi ne ruwan wanka in yana kwarara cikin masai yakan cika shi da wuri ya kuma zaftare bakinsa. Ga Musulmi akwai na uku, wato tsarki daga fantsamar najasa, tare da kiyaye kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya.

Haske da Wuta

A da aci-balbal ce da fitilar ƙwai da tocila. Yau faifan sola ya sauƙaƙa al'amarin. Faifai mai wat 100 yakan tara abin da zai kunna ƙwai huɗu masu wat 5 na tsawon awa biyar, ya yi cajin waya, har ya juya 'yar fanka cikin dare. A nan kaɗai kwanaki biyar ɗin nan ke zama riba, domin batir na cika ba mai taɓa shi, muddin akwai 'yar na'urar da ke yanke caji in ya ƙoshi. Batir mai ruwa ba ya son a zuƙe shi fiye da rabi. Ƙurar hunturu kuma tana rufe fuskar faifan, sai an goge a kowane zuwa.

Janareta kuwa, in ya zama dole, a waje ake ajiye shi nesa da taga. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari, wadda ta sha kashe iyali gaba ɗaya suna barci. Haka gawayin da aka shiga da shi ɗaki don jin ɗumi aka rufe ƙofa. Murhu a yi shi yamma da ɗaki, nesa da zana da tarin kara, a kuma share ciyawa a kewaye gidan da zarar kaka ta yi, tun kafin masu farautar gafiya su fara cinna wa daji wuta.

Ranar Lahadi

Duk abin da aka lissafa a sama ɓarawo na iya kwashe shi a dare ɗaya, kuma faifan sola da batir da kan famfo su ne farkon tafiya. Bugu da ƙari, a 'yan shekarun nan matsalar masu satar mutane ta sa da yawa daga masu gonaki a bayan garin Zariya sun daina kwana, sai su yini su komo kafin magariba. Wanda zai kafa gidan gona yanzu, kafin ya je wurin magini ya fara zuwa wurin mai unguwa ko dagacin yankin, ya gabatar da kansa, ya ji halin da ake ciki daga bakin waɗanda ke kwana a wurin. Masu dabara sukan ƙara ɗaki guda su ba wani manomi na kusa ya zauna da iyalinsa, a yanka masa wani sashe na gonar, ya sha rijiya ya kunna fitila. Wasu kuma sukan daidaita da Fulani su sauka a gonar bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, gida kuma ya sami motsin mutane.

Inda babu mai zama, sai a yi sallama da gida yadda ya kamata. A juye ragowar ruwan randa da bokiti a kife su. A rufe tanki da rijiya a sa kwaɗo. A toshe bakin rariya da raga ko dutse. A naɗe tabarma a rataye, katifa a ɗaga ta daga ƙasa, kada a bar ko ƙwayar hatsi a buɗe don ɓera. Duron shaya kuwa a cika shi a danne murfinsa. Wanda ya komo ranar Asabar, kafin ya tuɓe riga ya fara duba ginshiƙan dandamali ko gara ta ja layin ƙasa a jikinsu, sa'an nan ya sa sanda ya ɗaga dutsen zama ya leƙa ƙarƙashinsa, saboda kunama.